Kwapanhagan: Birnin da Jirage Ke Wucewa ta Ƙofarsa

Galibin manyan tasoshin jiragen ruwa na arewacin Turai a bakin kogi suke. Hamburg tana kan Elbe, Landan tana kan Thames, Riga tana kan Daugava, Rotterdam kuma tana inda ruwan Rhine ke zubewa a teku. Kogin ne ke gangaro musu da hatsi da katako da ƙarfe daga can cikin ƙasa, shi ne kuma ke haurawa da kayan ƙetare zuwa ga masu saye da ke nesa da gaɓa. Kwapanhagan, babban birnin Danmak, ba ta samu wannan gata ba. Tana zaune ne a gefen gabas na tsibirin Sjælland, tsibirin da mai mota zai ratsa cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, ba shi da kogin a zo a gani, ba ƙarfe ba gawayi a ƙarƙashin ƙasarsa. Amma a yau fiye da mutum ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar a cikinta da kewayenta yake zaune, kuma daga wani ofis da ke bakin ruwanta ake juya ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen kwantena biyu na duniya.

Abin da Allah ya ba ta shi ne mashigi. Tekun Baltik kusan rufaffen ruwa ne. Ƙofofinsa uku ne zuwa Tekun Arewa, wadda jiragen dā suka fi bi kuwa ita ce Øresund, siririn ruwan da ke tsakanin Sjælland da lardin Skåne. A inda ya fi ƙunci, daura da garin Helsingør, faɗinsa kimanin kilomita 4 ne. Hatsin Folan da zai je Amsterdam, katako da kwalta da igiyar da Ingila ke buƙata don jiragenta, gishiri da yadi da za su shiga Baltik daga yamma, duk ta nan za su bi. Fataken dā sun san bambancin garin da ayari ke biyan kuɗin fito ya wuce da garin da ake kwance mangala a ci kasuwa. A ganina tarihin Kwapanhagan a tsakanin waɗannan biyu yake. Sarakunan Danmak sun ƙware wajen karɓa daga mai wucewa. Sa shi ya sauke kaya kuwa sun shekara ɗaruruwa suna nema ba su samu yadda suke so ba, sai dai hukumomin da suka kakkafa garin neman hakan ne suka taru suka zama birnin.

Kifi ne mafarin garin. Daga ƙarni na 12 zuwa na 15, duk ƙarshen lokacin zafi wani ƙaramin kifi mai maiƙo da ake kira herin yakan cika Øresund maƙil. Turai a lokacin tana bin cocin Katolika, mai ranakun azumi da yawa da ba a cin nama a cikinsu, don haka kifin da aka jiƙa da gishiri aka danna a ganga kuɗi ne a hannu. Babbar kasuwarsa tana tsallake, a Skanør da Falsterbo. Kwapanhagan ɗaya ce kawai daga ƙananan matsayan masunta, abin da ya bambanta ta shi ne lungun ruwan da ke tsakanin Sjælland da tsibirin Amager, inda jirgi zai fake wa iska. Sarki Valdemar na Ɗaya ya ba Absalon, bishop ɗin Roskilde, wurin kyauta, shi kuma a 1167 ya gina sansanin dutse a wani ɗan tsibiri da ke bakin lungun, inda majalisar dokokin ƙasar take zaune yau. Kusan shekara 250 garin yana hannun coci. Dokarsa ta farko ma, ta 1254, bishop Jakob Erlandsen ne ya ba shi.

Ribar kifin dai ba 'yan Danmak ke kwasa ba. Gishirin daga Lüneburg yake zuwa ta hannun attajiran Lübeck, gangunan nasu ne, jiragen nasu ne, masu saye a can kudu ma abokan hulɗarsu ne. Biranen Jamus da suka haɗa kai a ƙungiyar Hansa ba su son kishiya a bakin mashigin. Mutanen Lübeck sun ƙona garin a 1249, a 1369 kuma rundunar Hansa ta rushe sansanin Absalon har ƙasa, shekara guda bayan nan yarjejeniyar Stralsund ta damƙa musu sansanonin gaɓar Skåne na tsawon shekara 15.

Sarki Erik na Pomerania ne ya juya lissafin. A 1417 ya karɓe garin daga hannun bishop, wajen 1429 kuma ya ɗora wa duk jirgin baƙi da zai ratsa Øresund harajin wucewa, tsabar zinariya ɗaya ta Ingila a kan kowane jirgi. Ya gina sansanin Krogen a Helsingør, a tsallake kuma ga sansanin Helsingborg, wanda shi ma a lokacin na Danmak ne. Kyaftin ya iso sai ya jefa anga, ya shiga kwalekwale ya nufi ofishin kwastan da takardunsa. In ya ƙi tsayawa, igwa na jiransa.

A 1567, zamanin Frederik na Biyu, ma'ajinsa Peder Oxe ya ga wautar a karɓi kuɗi ɗaya daga jirgin da ya ɗauko duwatsu da wanda ya ɗauko alharini. Aka koma karɓa bisa kayan da ke ciki, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na darajarsu. To, wa zai faɗi darajar? Kyaftin ɗin da kansa. Don kada ya rage, sarki ya riƙe haƙƙin saye kayan a kan farashin da aka faɗa masa. Wanda ya ce alkamarsa ta ɗari ce alhali ta dubu ce, yana iya wayar gari an ƙirga masa ɗarin an kwashe alkamar. Wanda ya ƙara kuwa kansa ya ƙara wa haraji. Har yau masana tattalin arziki na kawo wannan dabara misali idan ana maganar yadda za a sa mai dukiya ya faɗi gaskiyar abin da ya mallaka. Kuɗin shiga ya ninka kusan sau uku, da shi aka mai da Krogen katafaren ginin Kronborg tsakanin 1574 da 1585.

Abubuwa biyu game da wannan haraji su ne jigon maganarmu. Kuɗin aljihun sarki yake shiga kai tsaye, majalisar manyan masu ƙasa ba ta da ta cewa a kansa, don haka sarki yana iya gina abin da ya ga dama ba tare da ya roƙi kowa ba. Sannan a Helsingør ake karɓarsa, kimanin kilomita 45 arewa da birnin, amma a Kwapanhagan ake kashe shi, inda fada ta zauna tun tsakiyar ƙarni na 15, inda aka buɗe jami'a a 1479, inda kuma ake ƙera jiragen yaƙi. Magatakardan kwastan sun bar mana littattafai daga 1497 zuwa 1857, masu ɗauke da bayanin wucewar jirage kusan miliyan 1.8: sunan kyaftin, garinsu, inda ya fito, abin da ya ɗauko. Wanda ya duba na ƙarni na 17 zai ga a shekaru da dama fiye da rabin jiragen na Holan ne, suna tafiya Danzig da Königsberg da Riga su dawo. Yawancinsu hasumiyoyin Kwapanhagan kawai suke hangowa su wuce.

Sarkin da wannan abu ya fara ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Christian na Biyu. Mashawarciyarsa a kan kuɗi wata 'yar kasuwa ce daga Amsterdam, Sigbrit Willoms, kuma burinsa birnin ya zama wurin da kayan Baltik ke sauka kafin su ci gaba. Har manoman Holan ya kawo ya zaunar a Amager su noma wa birnin kayan lambu. Masu ƙasa suka tumɓuke shi a 1523. 'Yan birnin sun tsaya masa, aka kewaye su sau biyu, na biyun ya ƙare a 1536 bayan yunwa ta yi musu kaca-kaca. A shekarar ce kuma ƙasar ta bar Katolika, filayen coci suka koma hannun sarauta.

Christian na Huɗu, wanda ya yi mulki daga 1588 zuwa 1648, shi ne ya zuba kuɗin mashigin a tubali. Daga 1618 ya sa aka cike fadamar da ke gefen Amager aka yanka sabuwar unguwa, Christianshavn, da hanyoyin ruwa irin na Holan, aka yafe wa duk attajirin da zai zauna haraji na wasu shekaru. Shekara guda bayan nan aka fara ginin Børsen, doguwar rumfar ciniki da ruwa ke bi ta gefenta biyu, yadda jirgi zai sauke kaya a bakin ƙofa. Ƙasa sito-sito ne, sama kuma shaguna, bisa rufin ga hasumiya da aka yi da wutsiyoyin dodanni huɗu a murɗe. Hasumiyar ta faɗi a gobarar watan Afrilun 2024. Ya gina wa matuƙan jiragen yaƙi jerin gidaje a Nyboder daga 1631, waɗanda har yau suna nan da launin ɗorawa. Ya kafa kamfanin cinikin Indiya a 1616, mutanensa suka samu gindin zama a Tranquebar a 1620. Cinikin tsibirin Iceland kuma tun 1602 aka hana baƙi shi, daga baya ya zama na attajiran Kwapanhagan su kaɗai.

Rumfa dai ba ita ce kasuwa ba. Jari da bashi da labarin farashi suna Amsterdam, kuma ba a kwaso su da umarnin sarki. Da yaƙe-yaƙensa suka cinye baitulmali, sai Christian ya yi ta ƙara harajin mashigin, har Holan ta koma bayan Suwidin. A 1645 wani babban ayarin jiragen Holan ya ratsa Øresund da rakiyar jiragen yaƙi bai biya ko anini ba, a shekarar ce kuma yarjejeniyar Brömsebro ta yafe wa Suwidin harajin, yafiyar da ta kai 1720. Mafi muni ya zo a 1658, lokacin da yarjejeniyar Roskilde ta ba Suwidin Skåne ɗungurungum. Birnin da dā yake tsakiyar masarauta sai ga shi a bakin iyaka, daga kan ganuwarsa ana hango ƙasar abokan gaba.

Abin da ya cece shi ya cancanci a tsaya a kansa. Da Suwidin ta dawo ta kewaye birnin a 1658, rundunar Holan ce ta fasa shingen ta kawo abinci da sojoji. Ba don ƙaunar Danmak ba: Holan ba ta son ƙasa ɗaya ta riƙe gaɓa biyu na mashigin, ko wace ce. Tun daga nan zaman Kwapanhagan a ƙofar Baltik ya zama da yardar manyan ƙasashen teku, ga duk wanda ya iya karanta al'amura. A watan Fabrairun 1659 'yan birni da ɗalibai suka taya sojoji kore harin da aka kawo wa ganuwar cikin dare. Sakayyarsu ita ce gatanci na musamman da majalisar dattawa 32. Su kuma, ƙarƙashin magajin gari Hans Nansen, suka mara wa Frederik na Uku baya a 1660 ya karya ƙarfin masu ƙasa ya zama sarki mai wuƙa da nama.

Wannan ƙawance na fada da attajirai shi ya tattaro komai wuri guda: ma'aikatu, kotun ƙoli, rundunar ruwa da masana'antar ƙera jiragenta, wadda ta daɗe tana wurin aiki mafi girma a ƙasar, sai kuma banki na farko, Kurantbanken, a 1736. Annobar 1711 ta kashe kusan sulusin mutanen birnin, gobarar 1728 da ta 1795 sun lashe unguwanni, amma kowane karo ya sake cika, domin albashin gwamnati a nan ake biyansa. A 1801 mutanensa sun kai kimanin dubu 100, alhali in aka cire Norwe da lardunan Jamus da ke ƙarƙashin sarautar, babu wani gari a Danmak da ya kai dubu 10. Irin wannan rata ba kasuwa ke haifar da ita ba, mulki ne.

Tunda kayan Baltik sun ƙi sauka, sai aka nemo kayan da dole su sauka. Sarki yakan ba kamfani takardar babakere a kan wata hanya, da sharaɗin a Kwapanhagan za a sauke a yi gwanjo. A nan ne tarihin birnin ya taɓa Afirka ta Yamma. Fadar da majalisar Danmak ke zama a ciki sunanta Christiansborg. Haka ma sunan farin sansanin da ke bakin teku a Osu, cikin Akra, wanda 'yan Danmak suka riƙe tun 1661, kuma daga baya ya zama fadar gwamnatin Gana. A 1693 wani ɗan kasuwa na Akwamu mai suna Asameni ya shigo da mutanensa kamar masu sayen bindiga, ya ƙwace sansanin, ya yi kusan shekara yana ciniki da jiragen Turawa a ciki, sannan ya sayar wa masu shi da abinsu. Makullan kam bai mayar ba, suna cikin kayan sarautar Akwamu. Daga Osu da Ningo da Ada da Keta aka riƙa loda mutane zuwa tsibiran Karibiyan guda uku: St. Thomas da aka mamaye a 1672, St. John a 1718, da St. Croix da aka saya daga Faransa a 1733. Jiragen Danmak da Norwe sun ketarar da bayi fiye da dubu 100.

Ɗanyen sukarin da bayin suka noma Kwapanhagan ake kawo shi a tace, daga nan a rarraba shi cikin masarauta da ƙasashen Baltik. Heinrich Carl Schimmelmann, wanda ya sayi gonakin rake na sarki da babbar matatar sukari ta birnin a 1763, shi ne kuma mai riƙe da baitulmalin ƙasa. Ɗansa Ernst ya gaje shi a dukiyar da kujerar, shi ne kuma ya jagoranci dokar 1792 da ta haramta safarar bayi daga 1803. Ana yawan yaba wa Danmak da cewa ta riga sauran Turawa, amma kada a manta da shekara goman da aka bari a tsakani: an bar su ne don masu gonaki su cika rumbu, har da rancen gwamnati, kuma safarar ƙaruwa ta yi a cikinsu. Bautar kanta sai 1848 ta ƙare, bayan bayin St. Croix sun yi bore. A 1850 aka sayar wa Birtaniya sansanonin gaɓar Gana a kan fam dubu 10, a 1917 kuma Amurka ta sayi tsibiran a kan dala miliyan 25. Siton da ake tara kayan Karibiyan yana nan tsaye a bakin ruwan birnin, 'yan taku kaɗan daga fadar Amalienborg.

Kamfanin Asiya, da aka kafa a 1732, shayi yake ɗaukowa daga Canton a ƙasar Sin. Ya fi ƙarfin shan 'yan Danmak nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san inda ragowar ke zuwa: Ingila ta tsawwala haraji a kan shayi, don haka abin da aka yi gwanjonsa a Christianshavn ta hannun 'yan fasa-ƙwauri yake ƙarasawa can, har zuwa 1784 da Ingila ta rage harajin. Ma'aikatar harkokin wajen Danmak a harabar wannan kamfani take yanzu.

Daga wajen 1775 zuwa 1807 ne kaɗai birnin ya ɗanɗana abin da sarakunansa suka daɗe suna mafarki. Birtaniya da Faransa da Holan suna yaƙi, Danmak ta tsaya 'yar ba-ruwanmu, sai kayan masu yaƙin suka riƙa yawo ƙarƙashin tutarta, wani lokaci da takardun mallaka na bogi. Sito-sito suka cika, attajirai suka gina gidajen da har yau ake nuna wa baƙi. Arzikin da ya dogara da rigimar wasu kuwa ranar da rigimar ta juyo kanka ya ƙare. Nelson, hafsan rundunar ruwan Birtaniya, ya kawo hari a 1801. A watan Satumban 1807 Birtaniya, don tsoron kada Napoleon na Faransa ya riga ta kame jiragen Danmak, ta yi kwana uku tana ruwan wuta a kan birnin, sannan ta ja rundunar jiragen yaƙin Danmak kaf ta tafi da ita. Baitulmalin gwamnati ya karye a 1813, Norwe ta suɓuce a 1814. Shekaru da dama bayan nan 'yan kasuwar ƙananan garuruwan Danmak Hamburg suke zuwa neman kaya da bashi.

Shekarar 1857 ta tara abubuwa da yawa. Amurka ta riga ta sanar cewa ba za ta ƙara biyan harajin wucewa a kan ruwan teku ba, sauran ƙasashe ma sun gaji, sai aka yi taro a Kwapanhagan aka soke shi, aka biya Danmak diyyar kimanin rigsdaler miliyan 33 da rabi, Birtaniya da Rasha suka ɗauki kaso mafi tsoka. Haraji mai shekara fiye da 400 ya kau. A daidai lokacin ake rushe ƙofofin ganuwa, domin kwalarar 1853 ta kashe mutum kusan dubu 5 a cunkoson da ke ciki, kowa ya ga ba a iya ci gaba da matse mutane don tsaron da bai hana 1807 ba. A shekarar ce aka yi dokar 'yancin sana'a da ta karya babakeren ƙungiyoyin masu sana'a, a cikinta kuma aka buɗe Privatbanken, aka ɗora wani matashi, C. F. Tietgen, a kan shugabancinsa.

Tietgen ya gane abin da Christian na Huɗu bai gane ba. Kaya ba sai sun sauka a gabanka za ka ci ribarsu; ya isa jirgin ya zama naka, wayar da ke kai labari ta zama taka, bankin da ya ba da jari ya zama naka. A 1866 ya haɗe ƙananan kamfanonin jirage ya kafa DFDS. A 1869 ya kafa kamfanin tangaraho na Store Nordiske, wanda ya haɗa Turai da Sin da Japan ta layin da ya ratsa Rasha. Manyan ƙasashe sun fi yarda da ƙaramar ƙasa ta riƙe musu waya a kan su bar wa junansu. Sai kamfanin sukari a 1872, ga kuma hannunsa a Burmeister & Wain, masu ƙera jirage a Refshaleøen. Birnin ya ɓalle daga ganuwa zuwa Nørrebro da Vesterbro, ya cika da leburori daga ƙauyuka, a 1901 mutanensa sun kai kimanin dubu 400.

Tsohon mafarkin dai bai mutu ba. Da aka ji Jamus na haƙa hanyar ruwa ta Kiel, wadda za ta ba jirage damar shiga Baltik ba tare da sun zagayo Danmak ba, sai aka yi sauri aka buɗe tashar da ba a biyan kwastan a cikinta a 1894, shekara guda kafin Jamus ta gama. Tashar ta yi amfani, musamman ga kamfanin Gabashin Asiya da H. N. Andersen ya kafa a 1897 da ribar katakon Siam, kamfanin da a 1912 Burmeister & Wain suka ƙera wa Selandia, babban jirgin teku mai injin dizal da ya buɗe wa sauran hanya. Amma Hamburg ba ta girgiza ba. Wani abin takaicin ma, arzikin Danmak na wancan zamani, man shanu da naman alade da ƙungiyoyin gama kai na manoma ke aika wa Ingila, kaso mai yawa nasa ta yamma yake fita, ta sabuwar tashar Esbjerg da ke fuskantar Ingila kai tsaye.

Kwantena ta ƙarasa abin da ya rage. Mashigin Drogden da ke kudu da birnin zurfinsa kimanin mita 8 ne, manyan jiragen zamani ba su iya binsa, sai su zagaya ta Storebælt. Yawancin kwantenonin Danmak a Aarhus ake sauke su yanzu. Masana'antu suka yi ta ficewa, rundunar ruwa ta kwashe daga Holmen a shekarun 1990, Burmeister & Wain ta rufe wurin ƙera jiragenta a 1996. Masu hali sun koma bayan gari, asusun birnin ya kusa ƙonewa.

Yadda aka fita daga wannan rami, a ganina, yana cikin abubuwan da suka fi cancantar nazari a tarihin birnin, kuma ya yi kama da tsohuwar ɗabi'arsa: hukuma ce ta yi, ba kasuwa ba. Gwamnatin ƙasa da ta birni suka zuba filayensu, tsoffin wuraren soja da na tashar jirage, cikin kamfani mallakarsu. Aka sauya dokar amfani da filayen daga masana'antu zuwa gidaje da ofisoshi, darajarsu ta tashi, kamfanin ya ci bashi da su ya gina jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 2002. Jirgin ya ƙara wa filayen daraja, ana sayarwa ana rage bashin. Da haka aka gina unguwar Ørestad, da haka ake gina unguwar Nordhavn ƙarƙashin kamfanin By & Havn da aka kafa a 2007. An tsabtace ruwan tashar har mutane na iyo a Islands Brygge, inda dā ake sauke gawayi. Tsarin yana da illarsa. Kamfanin da ke da bashi a wuya dole ya sayar wa wanda ya fi tayi, don haka gidajen bakin ruwan ba na mai ƙaramin albashi ba ne; kuma da fili ya ƙare sai a ƙirƙiro wani, abin da ya kai ga amincewa da cike teku a yi tsibirin Lynetteholm a 2021, duk da ƙorafin masu kare muhalli.

Gadar Øresund da aka buɗe a 2000 ta sake haɗa birnin da Skåne bayan shekara 342, a 2001 kuma tashoshin Kwapanhagan da Malmö suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya. Abin da ke shigowa tashar birnin yanzu galibi jiragen 'yan yawon buɗe ido ne, da mai, da kayan gini. Cinikin gaske yana cikin ofisoshi. A. P. Møller da mahaifinsa sun fara kamfaninsu a Svendborg a 1904, amma daga Esplanaden a Kwapanhagan ake juya Maersk, wanda ya daɗe yana kan gaba a jigilar kwantena kafin kamfanin MSC ya wuce shi a 2022. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da kwantenarsa ta sauka a Apapa ko Onne, akwai yiwuwar ta bi ta hannun reshen wannan kamfani mai kula da tasoshi, ko da yake jirgin da ya ɗauko ta bai taɓa ganin Øresund ba. Ƙungiyar BIMCO, da aka kafa a birnin a 1905, ita ke tsara yawancin takardun yarjejeniyar hayar jirage da ake amfani da su a duniya. A tsohuwar tashar da ba kwastan kuma akwai babban siton UNICEF, inda ake haɗa akwatunan magani da na kayan makaranta a aika wuraren da bala'i ya faɗa wa.

Yanzu ana shimfiɗa ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 18 a Fehmarn, tsakanin tsibirin Lolland da Jamus, wanda zai rage tafiyar jirgin ƙasa daga Kwapanhagan zuwa Hamburg zuwa ƙasa da sa'a uku. Danmak ce ke ɗaukar nauyin ginin, kuma da kuɗin da masu wucewa za su biya take shirin mayar da bashin. Kayan Suwidin da Norwe za su gangaro ta gadar Øresund, su ratsa Sjælland, su shige ramin zuwa tashar Hamburg.